Abin da ke ƙarƙashin fatar ƙafa: tsoka, jijiyar laka da hanyoyin jini

Idan mutum ya faɗi daga kan babur, ko katanga ta danne masa ƙafa, tambayar da 'yan'uwa suke fara yi ita ce ko ƙashi ya karye. Idan hoto ya nuna ƙashi lafiya lau sai hankali ya kwanta, idan kuma ya nuna karaya sai a shiga neman wanda zai ɗora. A ganina akwai tambayar da ta fi wannan gaggawa, wato ko jini yana isa yatsu, kuma ko yatsun suna ji suna motsi. Ƙashi yana cikin sassan jiki da suka fi iya gyara kansu, amma tsokar da jini ya yanke mata na wasu sa'o'i ba ta dawowa, jijiyar laka kuma, wato wadda take kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, idan ta lalace tana sake tsiro ne da kimanin milimita 1 a rana, wani lokaci ma ba ta komawa yadda take. Saboda haka sanin inda waɗannan abubuwa suke bi a cikin ƙafa yana da amfani ga uwar da ke kai ɗanta allura, da direban babbar mota, da mai jinyar wanda ya karye, kamar yadda yake da amfani ga ɗalibin likitanci.

Ba zan daɗe a kan ƙasusuwa ba. Ƙashin cinya shi ne mafi tsawo kuma mafi ƙarfi a jikin ɗan'adam. Ƙasa da gwiwa akwai ƙasusuwa biyu a jere: ƙashin ƙwauri, wanda yake ɗauke da kusan dukkan nauyin jiki, da wani siriri a gefen waje da likitoci suke kira fibula, wanda ƙarshensa na ƙasa shi ne idon sawu na waje. Daga idon sawu zuwa yatsu kuma akwai ƙananan ƙasusuwa 26.

Tsoka ja kawai take iya yi, ba ta turawa, don haka kowace gaɓa tana buƙatar tsokar da za ta lanƙwasa ta da wadda za ta miƙar da ita. A gaban cinya akwai tsokoki 4 da suke haɗuwa a kan ƙoƙon gwiwa, sannan su ɗaure a saman ƙashin ƙwauri. Su ne suke miƙar da gwiwa, su ne suke tayar da mutum daga zaune, kuma su ne suke riƙe shi kada ya rufta lokacin da yake saukowa daga bene. A bayan cinya akwai tsokoki 3 da suke lanƙwasa gwiwa, waɗanda 'yan ƙwallo suka fi kowa sanin zafin yagewarsu, domin a tsakiyar gudu mai ƙarfi suke tsinkewa. A cikin cinya kuma akwai wani rukuni da yake haɗa ƙafafu wuri guda, wanda mahayin doki yake matse sirdi da shi. Tsokar ɗuwawu ita ce mafi girma a jiki, amma a ƙarƙashinta, can gefen ƙugu, akwai wata wadda ba ta kai ta girma ba, kuma aikinta ya fi burge ni: duk lokacin da mutum ya ɗaga ƙafa ɗaya don ya taka, ita ce take hana ƙugu karkacewa zuwa ɓangaren da aka ɗaga. Wanda wannan tsoka ta yi masa rauni za a ga yana rangaji gefe da gefe idan yana tafiya, ko da gwiwarsa da ƙashinsa lafiya suke.

Daga gwiwa zuwa idon sawu tsarin ya fi matsuwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban mahauci yana gyara cinyar rago ya ga wani farin tantani mai sheƙi da yake lulluɓe da tsoka, wanda sai an sa wuƙa ake raba shi da nama. Irin wannan tantani yana jikin mutum, kuma a ƙwauri ya raba tsokoki zuwa ɗakuna 4: ɗaya a gaba mai ɗaga tafin ƙafa da yatsu sama, ɗaya a gefen waje mai juya tafin ƙafa waje, sai biyu a baya, na sama da na can ciki. Kowane ɗaki yana da jijiyar lakarsa da hanyar jininsa. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne wannan tantani ba ya miƙewa, domin zan dawo kansa. A ɗakin baya na sama ne tsokokin sharaɓa suke, manya guda biyu, ɗaya a kan ɗaya, kuma dukkansu suna ƙarewa a agara, wadda take ɗaure a ƙashin dunduniya. Agara ita ce mafi kauri da ƙarfi a cikin ire-irenta a jiki, tsawonta ya kai kimanin santimita 15, kuma idan mutum yana gudu takan ɗauki nauyin da ya ninka na jikinsa sau da yawa.

Tsoka ba ta motsi sai an ba ta umarni, umarnin kuma daga ƙwaƙwalwa yake saukowa ta cikin lakar gadon baya, ya fita ta jijiyoyin laka. Waɗanda suke zuwa ƙafa daga ƙasan baya suke fitowa, wato daga kwankwaso. Akwai wadda take bi ta gaba, ta ƙarƙashin lanƙwasar da ke tsakanin mara da cinya, tana ba tsokokin gaban cinya umarni, akwai kuma wata da take kula da tsokokin cikin cinya. Amma babbarsu, wadda ta fi kowace jijiyar laka a jiki kauri, ita ce wadda ake kira sayatik. Tana haɗuwa ne daga saiwoyi 5 da suke fitowa daga ƙasan gadon baya, ta fita daga ƙashin ƙugu ta baya, ta bi ta ƙarƙashin tsokar ɗuwawu da faɗin da ya kusa na babban yatsan hannu, sannan ta gangara ta bayan cinya. Kafin ta isa bayan gwiwa sai ta rabu biyu. Reshe ɗaya yana miƙewa ta sharaɓa har tafin ƙafa, ɗayan kuma yana karkata waje ya zagaye wuyan fibula.

Wannan hanya ce take bayyana ciwon da mutane da yawa suke kuka da shi, wanda yake tasowa daga kwankwaso ya ratsa ɗuwawu da bayan cinya har yatsu, yana tsananta idan an yi tari ko an sunkuya. Sau da yawa a ce sanyi ne, a dinga shafa man zafi a sharaɓa, alhali matsalar tana can baya, inda guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gadon baya ya turo ya danne ɗaya daga cikin saiwoyin. Ƙwaƙwalwa tana jin zafin ne a wurin da jijiyar take ƙarewa, ko da a tushenta aka matse ta.

Abin da ya fi damuna game da wannan jijiya shi ne allura. Idan aka raba ɗuwawu ɗaya gida huɗu, da layi a tsaye da layi a kwance, kashin da yake sama kuma ta waje shi ne wurin da ake koya wa ma'aikatan lafiya su soka allura, domin jijiyar tana bi ne ta ƙasa da nan kuma ta ciki. Wanda bai san haka ba yakan nufi tsakiya, inda nama ya fi tudu, kuma nan ne hatsarin yake. Ga ƙaramin yaro, musamman wanda zazzaɓi ko rashin abinci ya rame da shi, tazarar da ke tsakanin fata da jijiyar kaɗan ce ƙwarai, ga shi yana wutsil-wutsil ana danne shi. Idan allurar ta taɓa jijiyar, ko maganin ya zuba a jikinta, yaron yakan ƙwalla ƙarar da ta wuce ta tsoron allura, bayan haka kuma a ga ya kasa ɗaga tafin ƙafarsa. Tafiyarsa tana da kama ta musamman wadda wanda ya taɓa gani ba zai manta ba: yana ɗaga gwiwa sama fiye da kima don kada yatsu su ja ƙasa, sannan tafin ya faɗo ya mari ƙasa, silifa kuma ba ta zama a ƙafar. Wannan ne dalilin da ya sa ake yi wa jarirai allurar rigakafi a gefen cinya ta waje, inda babu babbar jijiya. Mu kuma muna da wata ɗabi'a ta ganin ba a yi magani ba sai an yi allura, har wasu iyaye su matsa wa mai kemis ya yi wa yaro ita a kan ciwon da ƙwaya ko ruwan magani zai warkar. Ina ganin iyaye suna da haƙƙin su tambaya ko allurar ta zama dole, kuma su kalli inda za a soka ta.

Akan rikita wannan da shan inna, amma hanyarsu ba ɗaya ba ce. Ƙwayar cutar shan inna tana kashe ƙwayoyin da ke cikin laka ne, waɗanda suke aika wa tsoka umarni, don haka ƙafar takan shanye amma tana jin taɓi da zafi. Idan jijiyar ce aka ji wa rauni, sau da yawa jin taɓi ma yakan ragu a bayan ƙafa, wato saman tafin ƙafa, da gefen ƙwauri. An ga nau'in shan inna na asali karo na ƙarshe a Najeriya a jihar Borno a 2016, kuma a watan Agusta na 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da shi, amma har yanzu duk yaron da bai kai shekara 15 ba da gaɓarsa ta saki farat ɗaya ana so a kai rahotonsa asibiti a bincika.

Reshen da ya zagaye wuyan fibula kowa zai iya taɓa nasa. A zauna a lanƙwasa gwiwa, a kai yatsa gefen waje, ɗan ƙasa da gwiwar, za a ji wani ƙullin ƙashi. Daf da ƙasansa ta baya akwai wani abu da yake zamewa a ƙarƙashin yatsa, kuma idan aka danna shi da ɗan ƙarfi sai a ji tsirr har bayan ƙafa. A nan babu tsokar da ta kare shi, fata ce kawai a samansa, ƙashi a ƙarƙashinsa. Shi ya sa doguwar harɗe ƙafa ko dogon tsuguno yake sa ƙafa ta yi dindiris, kuma shi ya sa filastar ɗorin karaya da ta matse wannan wuri take iya jawo faɗuwar tafin ƙafa. Cutar kuturta ma tana son wannan reshe, har masu duba ta sukan lalube shi su ji ko ya yi kauri.

Jini yana zuwa ƙafa ne ta babbar jijiyar da ta fito daga zuciya, wadda take rabuwa biyu a cikin ciki, daidai saitin cibiya, kowace ƙafa ta sami reshenta. Reshen yana shiga cinya ta lanƙwasar mara, inda abubuwa uku suke kwance a jere kusa da fata: jijiyar laka ta waje, jijiyar kai jini a tsakiya, jijiyar mayar da jini ta ciki. Ana jin bugu a wurin sosai, kuma yana cikin hanyoyin da likitocin zuciya suke zura siririn bututu har ya isa zuciya. Kusancinsa da fata kuma shi ne ya sa suka da wuƙa ko ƙahon sa a wannan wuri take iya kashe mutum cikin mintuna idan ba a danne raunin da ƙarfi ba. Ko ba rauni a waje, karayar ƙashin cinya kaɗai tana iya zubar da lita 1 zuwa lita 1 da rabi na jini a cikin naman cinyar, alhali babban mutum kimanin lita 5 gare shi gaba ɗaya. Mai irin wannan karaya idan ya fara gumi mai sanyi da jiri, jini ne yake ƙarewa ko da ba a ga ɗigo ɗaya a ƙasa ba.

Daga cinya jijiyar kai jinin tana kewayawa bayan gwiwa, sannan ta rarrabu zuwa rassan da suke ciyar da ɗakunan ƙwauri. Akwai wurare biyu da ake jin bugunta a ƙarshen tafiya: a bayan ƙafa, a layin da ke tsakanin babban yatsa da mai bi masa, da kuma bayan idon sawu na ciki. Yana da kyau mutum ya koyi laluben su tun yana da lafiya, da yatsu biyu ba tare da dannawa sosai ba.

Komawar jini ta fi zuwansa wuya, domin daga tafin ƙafa zuwa zuciya hawa ne na sama da mita 1, kuma ƙarfin bugun zuciya ya riga ya ragu sosai kafin nan. Abu biyu ne suke taimakawa. A cikin jijiyoyin mayar da jini akwai 'yan ƙofofi da suke buɗewa sama kawai, sannan duk lokacin da tsokar sharaɓa ta motsa sai ta matse jijiyoyin da ke cikinta ta tura jini gaba, shi ya sa ake yi mata laƙabi da zuciya ta biyu. Wani malamin jami'ar birnin Padua a Italiya, Fabricius, ya wallafa bayanin waɗannan ƙofofi a 1603, ɗalibinsa Baturen Ingila William Harvey kuma ya dogara da su wajen nuna cewa jini zagayawa yake yi a jiki, a 1628. Idan ƙofofin suka lalace sai jini ya taru, jijiyoyin saman fata su kumbura su murɗe, abin da aka fi gani ga masu doguwar tsayuwa da mata masu ciki. Wanda ya fi wannan hatsari shi ne daskarewar jini a jijiyoyin can ciki, wanda dogon zama ba motsi yake jawowa, kamar tafiyar mota daga Kano zuwa Legas, ko kwanciyar jinya bayan tiyata ko haihuwa. Alamarsa sharaɓa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, ta yi ciwo. Irin wannan ƙafa ba a yi mata tausa, asibiti ake kai ta, domin gudan jinin yana iya ɓallewa ya bi hanya har huhu ya toshe ta.

Mafi tsawon jijiyar mayar da jini a jiki tana ƙafa, ta taso daga gefen ciki na tafin ƙafa, ta wuce ta gaban idon sawu, ta hau har lanƙwasar mara. Tun da mafi yawan jinin ta jijiyoyin ciki yake komawa, ana iya cire ta ƙafar ta ci gaba da aiki. Da ita wani likita ɗan Ajantina, René Favaloro, ya yi wa jijiyar zuciya da ta toshe sabuwar hanya a birnin Cleveland na Amurka a 1967, kuma har yau ana amfani da ita a wannan aiki.

Yanzu sai batun tantanin nan da ba ya miƙewa. Idan ƙashin ƙwauri ya karye, ko abu mai nauyi ya murƙushe tsoka, jini da ruwa sukan taru a cikin ɗakin, kuma tun da bangon ba ya buɗawa, matsin da ke ciki sai ya yi ta hawa har ya danne ƙananan hanyoyin jinin da suke ciyar da tsoka da jijiyar laka. Tsokar da ta rasa jini takan ƙara kumbura, kumburin kuma ya ƙara matsi. Bayan kimanin sa'o'i 6 a wannan hali lalacewar takan zama ta dindindin. Idan a kan wannan kumburi aka jera karare ko 'yan sanduna aka ɗaure tamau da tsumma, an ƙara wa ƙafar bango na biyu ke nan daga waje. Ba ina cewa masu ɗori ba su san komai ba, da yawansu gadon sana'ar suka yi, suna kusa da jama'a, kuma akwai karayar da take warkewa a hannunsu. Filastar asibiti ma idan ta matse irin wannan ɓarnar take yi, kuma tun a 1881 wani likitan Jamus, Richard von Volkmann, ya bayyana yadda ɗauri mai tsanani yake kashe tsoka ya bar gaɓa a ƙanƙance. Amma likitocin ƙashi a Najeriya sun daɗe suna rubutu a kan yara da manya da ake kawowa gaɓarsu ta riga ta yi baƙi bayan ɗauri, a kan karayar da da ta warke ba tare da wata matsala ba.

Alamomin ba su da wuyar ganewa idan an san su. Ciwo ne mai tsananin da ya wuce na karaya, wanda ba ya jin magani kuma yana ƙaruwa maimakon ya ragu. Idan aka kama yatsun aka ɗan lanƙwasa su ko aka miƙar da su, sai mara lafiya ya yi ihu. Ƙwaurin yakan yi tauri, fatar da ke tsakanin babban yatsa da mai bi masa kuma ta daina jin taɓi. Kada a jira bugun jini ya ɗauke kafin a yarda akwai matsala, domin shi ne yake ɓacewa a ƙarshe, lokacin da an riga an makara. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce wa mara lafiya ya yi haƙuri, ɗori ne yake kamawa. Abin yi shi ne a kwance ɗaurin nan take a garzaya asibitin da ke da likitan fiɗa, inda za a tsaga fata da tantanin ta gefe biyu na ƙwaurin don matsin ya sauka, a rufe raunin daga baya. Na san tsoron da yake hana mutane zuwa, wato a ce asibiti yanke ƙafa suke yi. Amma mafi yawan lokaci ƙafar da ta kai ga yankewa ita ce wadda aka tsare a gida har naman ya mutu, domin mataccen nama idan aka bar shi yana sa guba a jini, ya taɓa ƙoda, ya tafi da ran gaba ɗaya.

Ciwon suga yana yin irin wannan ɓarna a hankali, cikin shekaru. Zaren jijiyar da ya taso daga ƙasan baya zuwa babban yatsa ya kai kusan mita 1, kuma jijiyoyi mafiya tsawo su ne suke fara lalacewa idan suga ya daɗe a sama, shi ya sa matsalar take farawa daga yatsu tana hawowa, da raɗaɗi ko jin kamar ana tsira allura, daga baya kuma jin ya ɗauke. A lokaci guda hanyoyin kai jini suna ƙara tsukewa, musamman ga mai shan taba. Sai mutum ya taka ƙusa ko ƙaya bai ji ba, ko takalmi ya ci masa ƙafa, raunin kuma ya ƙi warkewa saboda jinin da zai warkar da shi ba ya isowa yadda ya kamata. Mai ciwon suga ya kamata ya duba tafin ƙafarsa kullum, ko ya sa wani ya duba masa, ya goge tsakanin yatsu bayan alwala, ya zazzage takalmi kafin ya sa, ya gwada zafin ruwan wanka da gwiwar hannu, kuma kada ya taka ƙasa mai zafi ba takalmi. Idan ya je ganin likita, ya cire takalmi da safa tun kafin a ce ya cire, don a duba bugun nan biyu a kuma gwada ko yatsun suna ji.